Takin da Gona ke Nema, Shi ke Kashe Dam: Fosfaras da Ruwan Shan Jos

Babu wani babban kogi da ya taso daga wata ƙasa ko wata jiha ya ratso Jos, yadda Neja ke ratsa Yamai ko Binuwai ke ratsa Makurɗi. Garin yana zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuwa sun haura mita 1,800. Daga wannan tudu koguna ke rarrabuwa. Kaduna ya yi yamma ya faɗa Neja. Gongola ya yi gabas ya sadu da Binuwai a Numan. Dilimi, wanda ya keta tsakiyar gari, ya gangara arewa ya shiga Bunga, ya zama Jama'are, ya bi ta dausayin Haɗeja da Nguru yana neman Tafkin Chadi. Idan ruwan Jos ya lalace, ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi a sama da mu. Na ƙasa da mu ne ke da ta cewa a kanmu.

Ruwan sama kusan milimita 1,400 ke sauka a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. Sauran watannin gari na rayuwa ne da abin da ya tara: madatsun Lamingo da Liberty a gindin duwatsun Shere, madatsar Yakubu Gowon da ke Shen wadda ta fi su girma, sai ɗaruruwan kududdufan da haƙar kuza ta bari tun daga farkon shekarun 1900, waɗanda mutanen gari ke kira dam su ma. Dukkansu ruwa ne na kwance, kuma ruwan kwance shi ne wanda fosfaras ke cuta.

Jos Jarawa, tsohon mazaunin Afizere a gabashin gari, tana tsakanin ruwa biyu. Ta bayanta, wajen duwatsu, akwai dam ɗin da famfo ke ɗebowa. Ta gabanta akwai rafukan da ke kwashe ruwan kwatoci su kai Dilimi. Mutanen wannan ɓangare ba su manta daren Lahadi 22 ga Yulin 2012 ba, a farkon azumi, lokacin da aka tafka ruwa na sa'o'i, dam ɗin Lamingo ya tumbatsa, ambaliya ta ratsa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Mutum fiye da 35 suka rasu, gidaje kusan 200 suka rushe ko suka nutse. Allah Ya jiƙansu. Wannan ɓarna ce da ido ya gani cikin dare ɗaya. Wadda ake magana a kanta a nan tana bin hanyoyin ruwan nan ne kowace damina, ba ta da ƙara, ba ta rushe katanga, shi ya sa ba a kafa mata kwamiti.

Harafin tsakiya a jikin buhu

Kowane mai lambu ya san NPK. Harafin tsakiyan nan shi ne fosfaras, sinadarin da ke ƙarfafa saiwa, ya sa dankali ya yi 'ya'ya, masara ta cika. Yana cikin ƙashinmu da haƙoranmu, kuma babu mai rai da ke rayuwa ba da shi ba. Ba guba ba ne. Matsalarsa ita ce abin da yake yi wa shuka a gona, shi yake yi wa gansakuka a ruwa.

A yawancin tafkunan ruwan daɗi gansakuka na da duk abin da take bukata. Rana na nan, ɗumi na nan, wasu nau'o'inta ma suna iya zuƙo naitirojin daga iska da kansu. Fosfaras kaɗai ke yi mata ƙaranci. Kamar mai tuyar masa ce da ke da ƙullu da tanda da wuta, mai kawai ta rasa. Ranar da aka miƙo mata kwalba guda, ranar za a ga aiki. Masana sun ƙiyasta cewa kilo ɗaya na fosfaras na iya haifar da ɗanyar gansakuka har kilo 500.

An daɗe ana gardama a kan wannan, musamman da kamfanonin sabulun Amurka da ke cewa ba nasu sinadarin ba ne ke ɓata tafkuna. Wanda ya kashe bakin gardamar shi ne David Schindler, a wani yankin gwaji da ke arewa maso yammacin Ontariyo ta Kanada. A 1973 ya sami wani tafki mai ƙugu a tsakiya, mai lamba 226, ya raba shi biyu da labulen roba. Ya zuba kabon da naitirojin a ɓangarorin biyu, ya ƙara fosfaras a ɓangare ɗaya kawai. Cikin makonni wannan ɓangaren ya koma kore shar, ɗayan yana nan garau. Hoton da aka ɗauka daga jirgin sama ya yi aikin da rubuce-rubuce suka kasa, ya taimaka wajen sauya dokoki a ƙasashe da dama.

Abin da ya kamata ya tsorata mu shi ne ƙanƙantar adadin. A ma'aunin da ake amfani da shi a duniya, tafki ya shiga sahun masu ƙoshi fiye da kima idan fosfaras ya kai maikurogiram 35 a lita ɗaya. Mu sauko da lissafin ƙasa. Buhun NPK 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da tsantsar fosfaras kimanin kilo 3.3. Kududdufin kuza mai faɗin hekta ɗaya da zurfin mita 10 yana riƙe da lita miliyan 100. Da za a narkar da buhun nan guda a cikinsa, kowace lita za ta sami maikurogiram 33. Buhu ɗaya tal ya kai kududdufin bakin iyaka.

Kada a fara da manomi

Da an ambaci taki sai idanu su koma kan masu noman rani da ke zagaye da kududdufai da bakin Dilimi, masu kabeji da karas da latas da tattasai da ke cika kasuwar Farin Gada. Suna da nasu kason, za a zo kansa. Amma wanda ya san kuɗin buhu a yau ya san ba su da rarar da za su zubar. A Disambar 2016, da Sarki Muhammad na Shida na Maroko ya zo Abuja, aka ƙulla yarjejeniyar da ta sauko da buhun NPK zuwa naira 5,500. Yau farashin ya ninka wannan sau da yawa. Ƙasar Filato kuma, wadda yawancinta daga ruɓaɓɓen dutse ta samu, mai tsami ce, ga ƙarancin fosfaras. Jar ƙasa mai ƙarfe tana damƙe shi ta hana shuka. Gonakinmu yunwarsa suke ji.

Babbar ƙofar da yake bi ita ce bayan gida. Kowane mutum na fitar da kimanin rabin kilo na fosfaras a shekara, fiye da rabinsa ta fitsari. Ƙidayar 2006 ta ba Jos ta Arewa mutum 429,300. Ko da wannan tsohon adadi aka tsaya, ana maganar tan 200 da ɗoriya a shekara, kwatankwacin abin da ke cikin buhun taki fiye da 60,000. Jos ba ta da bututun ƙazanta na gari baki ɗaya da ke kaiwa wata matata, irin ta Wupa da ke Abuja. Masai ne da sokawe, gida-gida. A unguwannin da aka gina cikin duwatsu, irin su Dutse Uku da kewayen Jos Jarawa, mai haƙa ba ya nisa yake cin karo da fa. Ramin ba ya zurfi, yana cika da wuri, kuma idan damina ta kankama a Yuli da Agusta ruwa na tasowa ya haɗu da shi. Wasu gidajen bakin rafi ma bututun banɗakinsu kai tsaye yake kallon rafin. Motar da ta yashe masai kuwa, tambayar da ba a cika yi mata ba ita ce ina za ta juye.

Ga kuma bahaya a fili. Binciken ƙasa na 2021 ya ce 'yan Nijeriya miliyan 48 ne ke yi, kuma Filato na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Gwamnatin Tarayya ta kafa doka a Nuwambar 2019 da burin kawar da shi zuwa 2025. Jigawa ta cimma wannan a Oktobar 2022, ita ce ta farko. Jihar da ruwanmu ke gangarawa gare ta ta riga mu gyara gidanta. Malamai sun daɗe suna karantar da hanin yin bawali a ruwan da ba ya gudu, kuma ilmin sinadarai bai ƙara komai a kan hukuncin ba sai dalili.

Ƙofa ta biyu kaji ne. Sanyin Jos ya sa ta zama cibiyar ƙwai, gidajen kaji manya da ƙanana sun cika gefen gari. Kaza ba ta iya narkar da yawancin fosfaras ɗin da ke cikin masara da waken soya, don haka kashinta cike yake da shi. Da rani ana rububin sa, buhu-buhu ake saye a kai lambu. Da damina ne ake samun tsibinsa a waje ruwa na dukansa, baƙin ruwa na tsiyaya zuwa kwata. Akwai kuma wani tarko da manomi ke faɗawa ba da saninsa ba. Yana zuba kashin kaji ne gwargwadon yadda ganye zai yi kore, wato gwargwadon naitirojin, alhali fosfaras ɗin da ke ciki ya fi bukatar shukar. Shekara bayan shekara rarar na taruwa a saman ƙasa, a lambun da ke taku kaɗan daga ruwa.

Ta uku ita ce zaizayar ƙasa. Fosfaras ba ya son tafiya shi kaɗai, manne yake da ƙwayar ƙasa. Jan ruwan nan da ke gudu bayan ruwan farko, shi ne abin hawansa. Haƙar kuza ta lalata fili fiye da murabba'in kilomita 300 a Filato, ta bar tsibin ƙasa tsirara. Yanzu kuma gini ya karɓa. Tun da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ya koma mazauninsa na dindindin a Lamingo filayen wannan yanki suka yi daraja, gidaje suna ta matsowa wajen dam. Kowane fuloti da aka share, kowace hanya da aka yanka a gangare ba kwalbati, kowane sabon sokawe, wani ƙari ne ga abin da ke sauka cikin ruwan da za a sha.

Sauran ƙofofin ƙanana ne, amma ba a raina su a ƙaramin ruwa: wankin kaya da na mota da babur a bakin dam, tunda wasu nau'o'in omo na ɗauke da fosfet, jini da tumbin mayanka, shanun da ke shiga ruwa har gwiwa, abincin kifin da ake kiwo a keji cikin kududdufi. Suwizalan ta haramta fosfet a sabulun wanki tun 1986, Tarayyar Turai ta taƙaita shi a 2013. Babu abin da zai hana hukumomin ingancin kaya na Nijeriya su tilasta a rubuta adadinsa a jikin kowace leda.

Laka ba ta mantuwa

A nan ne wahalar take, kuma a nan ne na fi jin tsoro game da kududdufan kuza.

Gansakuka ba ta daɗewa. Ta yi yawa, ta mutu, ta nutse. Ƙwayoyin da ke ruɓar da ita a ƙasan ruwa suna shanye iskar oksijin. Muddin akwai oksijin a can ƙasa, ƙarfen da ke cikin laka yana riƙe fosfaras gam. Da zarar ta ƙare, sai ƙarfen ya sake shi ya koma cikin ruwa, ya ciyar da sabuwar gansakuka, ita ma ta mutu ta ƙara cinye iskar. Daga nan tafki ya fara ciyar da kansa. Ko an toshe duk ƙofofin da aka lissafa a sama, yana iya shekara goma ko ashirin yana cin abin da ya ajiye.

Kogi yana da hanyar wanke kansa, dam ma yana tumbatsa da damina ya zubar da wani abu. Kududdufin kuza rami ne mai zurfi, mai miƙaƙƙen gefe, da yawansu ba su da mafita. Abin da ya shiga ya zauna. Da zafi, ruwan sama-sama mai ɗumi yana kwanciya a kan mai sanyi na ƙasa, ba sa gauraya, na ƙasan ya shaƙe. Sai hunturu ya zo. A Disamba da Janairu sanyin daren Jos na sauka ƙasa da digiri 10, ruwan sama-sama ya yi sanyi ya yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya taso da warinsa da fosfaras ɗinsa ba iska a cikinsa. Irin wannan juyi ne ke sa a wayi gari karfasa na hamma a saman ruwa ko ta mutu da yawa, mai kiwo ya yi zaton guba aka zuba masa. Bayan makonni, rana ta buɗe, kore ya rufe ko'ina.

Ba kowane kore ba ne mai illa. Kainuwa da bado da gansakuka mai zare-zare suna toshe injin ban ruwa, suna ba sauro da katantanwar tsargiya mafaka, amma ba su da dafi. Wadda ake tsoro ita ce mai kama da koren fenti da aka zuba a ruwa, wadda iska ke tarawa a gefe guda. Wannan ƙwayar halitta ce da masana ke kira sayanobakteriya, kuma wasu nau'o'inta na fitar da dafin maikurosistin mai lalata hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha maikurogiram 1 a lita. Tafasawa ba ta kashe shi, sai ma ta ƙara masa kauri idan ruwan ya ƙone. Wannan ya saɓa wa duk abin da aka koya wa uwa game da ruwan yara, shi ya sa ya kamata a faɗa mata. A Karuwaru ta ƙasar Birazil, a 1996, masu wankin ƙoda fiye da 50 suka mutu saboda an yi amfani da ruwan tafki mai wannan dafi ba a tace shi yadda ya kamata ba.

Ga ma'aikatar ruwa kuwa, koren dam asara ce tun kafin a zo maganar dafi. Matatai na toshewa da wuri, alam da kulorin na ƙarewa da sauri, ruwa na fitowa da ƙanshin ƙasa ko na rima wanda ke kora mutane zuwa wajen 'yan garuwa da rijiyoyin da suka fi haɗari. Idan aka zuba kulorin kafin a tace, ƙwayoyin na fashewa su saki dafin cikin ruwan. Cire shi na bukatar gawayi na musamman ko wasu na'urori masu tsada. Hukumar da ke fama da kuɗin lantarki da fasassun bututu ba ta bukatar wannan ƙarin kaya.

Waɗanda suka riga mu shiga

Garin da ya fi kama da mu shi ne Harare. Ita ma a kan tudu take, kuma Tafkin Chivero da take sha yana ƙasa da ita, don haka ƙazantar gari na gangarawa cikin tulunsa. A Disambar 2024 hukumar namun dajin Zimbabuwe ta sanar da mutuwar karkanda huɗu da jakunan dawa bayan sun sha ruwan tafkin. A birnin Wushi na ƙasar Sin, a 2007, mutum kusan miliyan 2 suka yi kusan mako ba ruwan famfo saboda Tafkin Taihu ya rufe da kore. A Toledo ta Amurka, a Agustan 2014, aka hana mutum fiye da 400,000 shan ruwan famfo na kwana uku. Wannan na Toledo ya fi ba da darasi, domin Amurka da Kanada sun sa hannu kan yarjejeniyar ceto Tafkin Iri, wanda Toledo ke sha, tun 1972, sun gyara matatun ƙazanta, tafkin ya farfaɗo, sannan takin gonaki ya dawo da cutar. A 2016 suka sake ɗaukar alkawarin rage fosfaras ɗin da ke shiga da kashi 40 cikin ɗari.

Ba sai an je nesa ba ma. Madatsar Wasai da ke Minjibir, wadda aka gina a 1976 a kan kogin Jakara, ta shafe shekaru tana karɓar kwatocin birnin Kano da ruwan masana'antun Bompai da rafin Getsi ke kawowa. Duk Bakano ya san ba ruwan da za a kai baki ba ne.

Ana warkewa. Tafkin Konstans, tsakanin Jamus da Ostiriya da Suwizalan, ya kai maikurogiram 87 a lita a 1979, yau yana ƙasa da 10. Amma sai da ƙasashe uku masu arziki suka kashe biliyoyin kuɗi cikin shekaru kusan 30. Filato ba ta da wannan aljihu. Abin da take da shi shi ne dam ɗin da har yanzu yawancin ruwansu daga duwatsu yake saukowa, da sauran lokaci.

A mayar da shi inda ake nemansa

Kusan kashi 70 cikin ɗari na dutsen fosfet da aka sani a duniya yana hannun Maroko. Muna sayo shi da dala, a sauke a Legas, a hau da shi tudu a tirela, alhali tan ɗaruruwa na irinsa na bin kwata zuwa Dilimi kyauta. Duk wani shiri da bai fara daga wannan ba, a ganina, zai ƙare a taron bita.

Ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Hausa. Shekaru aru-aru jakuna na shiga Kano da itace su fito da taki, shi ya sa gonakin kewayen birnin suka jure noma kowace shekara ba hutu. Masu lambun Dilimi ma sun daɗe suna sayen tokar bola. Margaret Pasquini ta Jami'ar Durham, wadda ta yi bincike a tsakaninsu a farkon shekarun 2000, ta nuna tokar na rage tsamin ƙasa tana ƙara mata abinci, sai dai bolar zamani na zuwa da dalma da sauran ƙarafa masu cutarwa. Maganin wannan shi ne a raba shara tun daga gida, batir da roba gefe guda, ba a hana toka ba. A jihar Maraɗi kuwa, matan ƙungiyar manoma ta Fuma Gaskiya, tare da masu binciken aikin gona na Nijar, sun gwada fitsarin da aka adana watanni a jarka har ya tsarkaka daga ƙwayoyin cuta, suka sa masa suna Oga. Gero ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari. Na san akwai ƙyama, akwai kuma tambayar tsarki da ta cancanci amsar malamai, ba a share ta ba. Amma matakin farko bai ma kai nan ba. Fili ne na hukuma, nesa da rafi, inda kowace motar yashe masai za ta juye, a shanya, a haɗa da ɓuntu ko dusar katako, ya ruɓe ya zama taki. Da rumfa a kan kowane tsibin kashin kaji.

Ga manomi, abin da ke kare ruwa shi ne ke kare aljihunsa. Takin da aka watsa a sama ana gab da ruwa rabonsa kwata. Wanda aka binne a gindin shuka yana nan. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa dabarar zuba cikin murfin kwalba ɗaya a kowane rami, kuma manoman Nijar sun ga amfaninta da ɗan abin da suke da shi. Kunya ta gitta gangare, kada ta bi shi. Mutanen tudun nan ba su bukatar a koya musu wannan, kakanninsu ne suka jera duwatsu suka yi gonaki hawa-hawa, suka kewaye gidaje da ƙerana. Sai kuma a bar ɗamarar ciyawa tsakanin kunyar ƙarshe da ruwa. Jema ta fi dacewa. Saiwarta na nutsewa ƙasa sosai, tana tare laka, ba ta yaɗuwa ta cinye gona, kuma ana yankan ta a yi jinka da saƙa. Yankan ma wajibi ne, domin ciyawar da ta ruɓe a wurin ta mayar da abin da ta tsotsa. Fadamun da ke bakin rafukan da ke shiga dam su ma matata ce da ba a biya. Wanda ya cike fadama ya yi gini ya cire wa gari matata.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. An kafa hukumar NESREA a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kare ruwan saman ƙasa da na ƙarƙashinta a 2011. Jiha na da Hukumar Raya Birnin Jos mai ba da izinin gini, da hukumar tsaftar muhalli, da ta ruwa. Akwai kuɗi ma: shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 da aka amince da su a Disambar 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, aikinsa ke nan gyaran magudanan ruwa da lalatacciyar ƙasa. Abin da ake bukata shi ne a shata iyakar dam ɗin Lamingo da Liberty da turaku da kowa zai gani, a daina sa hannu a takardar fili a cikinta, ko na wane ne. Kuma a yi shi da masu ƙasar. Sarakunan Afizere da masu unguwanni sun san kowane rafi da sunansa, sun san wanda ya sayar da wane fili. Manomin da aka ce ya ja da baya daga bakin ruwa ya yi wa gari hidima, ya cancanci diyya ko wani filin, ba kora ba.

Akwai abin da ba a son faɗa. Tun rikicin 7 ga Satumbar 2001 Jos ta rabu unguwa-unguwa, har akwai inda mutum ke shakkar shiga. Rafi ɗaya kan fito daga unguwar da coci ya fi yawa ya shiga wadda masallaci ya fi yawa, ya sake fita. Ba a iya gyara rabinsa. Kwamitin rafi da zai haɗa masu unguwannin Jos Jarawa da Rikkos da Gangare da masu lambun Dilimi a tabarma ɗaya aikin ruwa ne, kuma ya fi yawancin tarukan zaman lafiya abin tattaunawa na zahiri.

Sai awo. Ba a sarrafa abin da ba a auna ba, kuma na farkonsa ba ya cin kuɗi. Wani farin faifai ne mai faɗin tafin hannu biyu da ake ɗaura wa igiya a sauke cikin ruwa har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin. Masana na amfani da shi tun 1865, ɗalibin sakandare ma zai iya. Awon fosfaras kansa na bukatar ɗakin gwaji, kuma Jami'ar Jos na da masana ruwa da kifi da ɗaliban da ke neman abin bincike kowace shekara. A ɗebi ruwa wata-wata a wuri ɗaya, a sama da kuma can ƙasa kusa da laka, a ƙara yawan ɗiba a Afrilu da Mayu lokacin ruwan farko, da Disamba da Janairu lokacin juyi. A karanta sakamakon a rediyon jiha da Hausa da Izere da Birom da Turanci, tare da gargaɗin cewa ruwa mai kama da koren fenti ba a ba dabba, ba a bar yara su yi iyo, ba a dogara da tafasawa.

Ruwan farko shi ya fi kowanne ɗauko kaya, domin yana wanke tarin wata biyar na rani a rana ɗaya. Aikin Maris ke nan: a yashe kwatoci da magudanai kafin hadari ya haɗu. Kuma kada a tara lakar a bakin kwata kamar yadda aka saba, inda ruwan daren farko zai mayar da ita. A tsince roba da gwangwani da batir, a loda sauran a mota zuwa filin takin, ta ruɓe tare da kashin kaji, masu lambu su saya idan noman rani ya kama a Nuwamba.